Labulen Umma a Kan Ɗanyen Fenti

Masu turo min saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, hannuna ne ba shi da sarari. Ko yanzu da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, sauran duk samfefa, takardar gugar ƙarfe, ta cinye musu fata. Amma abin da ya faru a gidanmu daga Alhamis zuwa yau Lahadi, idan ban amayar da shi ba zai iya kwantar da ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, sana'ata gyaran wilin mota. Wili shi ne ƙarfen nan da taya ke zagaye da shi, wanda kuke gogawa a jikin kwalbati sannan ku fito kuna salati. A kawo min shi duk ya kwarzane, in goge, in cike, in fesa, ya koma kamar yau aka ciro shi daga kwali. A gida nake yi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke gefen tsakar gidanmu. Baba mai fentin mota ne shekara talatin da ɗoriya, kafin ƙirjinsa ya ajiye shi a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa. 'Ya'yansa huɗu duk mata, uku sun yi aure. Da aka fara maganar sayar da injin iskarsa da bindigar feshinsa, ni na ce ba inda za su je.

Sai kuma shi. A wayata sunansa Direba, duk da ba direba ba ne, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Na raɗa masa sunan ne don a wata ɗaya sau biyu ya kawo min wilin da ya goga. A zuwa na uku ya kawo min wili lafiyayye garau, na juya shi gaba da baya ban ga ko ƙwarzane ba, na ɗago na same shi yana sosa ƙeya. Wata bakwai ke nan. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutum ne da zai zauna a kan bokiti a kife awa biyu yana kallon ina guga, yana ba ni labarin da ba kai ba gindi, ni kuma in ji ranar ta yi min daɗi.

Iyayensa sun rasu tun yana firamare, yayarsa ce ta raine shi. Shugabar wata makarantar 'yan mata ce, kuma a gidansu idan ta yi magana an gama. Yaya yake ce mata. Ban taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Ranar Litinin da sassafe sai ga Direba da wili huɗu a motar ɗaukar kaya ta abokinsa, idonsa duk ya faɗa.

"Na wa ka kashe kuma?" na ce.

"Na Yaya ne. Auta, ki rufa min asiri."

Ashe tafiyar mako guda ta yi, ta bar masa makulli ta ce ya dinga tayar da motar da safe kawai. Shi kuma gwanin, ya ɗauke ta ya tafi ɗaukar abokinsa a tasha, ya haɗa gefen dama da kwalbati. Biyu ne suka ji ciwo, amma tun a waya na ce ya ciro duka, don idan na fesa biyu na bar biyu, launin zai bambanta, makaho ma sai ya gane. Motar tana can a kan bulo a bayan gidan da yake haya.

Na zuba musu duk abin da na iya. Na wanke su da garin sabulu sau biyu, na sace iskar tayoyin, na bi bakin da ya kwarzane da samfefa mai kaushi har ƙarfen ya kwanta. Inda ya yi rami na cike da foti, wani kwaɓi mai daskarewa, na bar shi ya kama, na sake bi da mai laushi ina tsoma ta a ruwa, ina shafawa da tafin hannu idona a rufe, don abin da ido ya tsallake hannu ba ya tsallakewa. Na jera katin karta a tsakanin taya da bakin wili, zagaye guda, don kada fenti ya taɓa roba. Wannan kartar sai da ta taɓa jawo min zaman sulhu da Umma, ranar da ta tsinci kwali uku a ƙarƙashin katifata ta ɗauka caca na fara. Ramukan noti na cusa musu takarda, don inda noti ke zama ba a fesa shi. Laraba na yi fentin ƙasa, wato shimfiɗar farko. Alhamis na yi ruwan azurfa hawa uku, sannan na fara kiliya, wato fentin nan mara launi da ake rufewa da shi don sheƙi.

Ƙarfe huɗu saura na saki bindiga daga hawa na ƙarshe. Na ja baya na sauke takunkumin hancina ina kallon su a jere a kan benci, suna ƙyalli kamar an zuba musu ruwa. Baba ya ɗaga min babban yatsa daga kujerarsa. Daidai nan waya ta yi motsi a aljihun rigar aikina.

"Yaya ta dawo tun jiya. Na ce mata motar tana wajen sabis. Ta ce yau za ta zo ganin ki. Muna hanya, minti ashirin."

Kafin in gama karantawa wani ya shigo.

"Ki ɓoye wilin don Allah."

Sai na uku.

"Kuma ban faɗa mata aikinki ba tukuna. Ki bar min wannan a hannuna."

Jama'a, wata bakwai. Mutumin da ya san lambar kowace samfefa a rumfata. Na tsaya riƙe da waya, zuciyata na ce min ki kira shi yanzu ki tambaye shi, amma Umma ta riga ta karanta fuskata ta ƙwace wayar ta karanta sauran.

"Innalillahi! Minti ashirin? Dube ki kamar wadda aka tono daga toka! Wuce ki yi wanka!"

"Umma, wilin nan ɗanye ne, ba a ɗaga su. Ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansu ba."

"Na ji, na ji. Wuce!"

Na wuce. Wannan ne kuskurena na farko a ranar, kuma ba shi ne babba ba.

Na dirje hannuna da tina mai narkar da fenti, na bi da lemon tsami, na bi da man shafawa, har fatar ta yi ja. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai aikin zare a wuya, da mayafi ruwan madara, da ɗankunnen da babbar yayata ta ba ni. Turare kuwa na yi wanka da shi na biyu. Ina ɗaure gashi na ji tsayuwar mota, na ji muryar Umma ta canza ta koma wadda take ajiyewa don baƙi.

Falonmu ya sha gyaran gaggawa. An cire wa kujeru ledarsu, an fito da kofunan gilashin da ko Baba bai isa ya sha ruwa a ciki ba, an jera biskit a faranti. Yaya tana zaune a kujerar tsakiya, doguwa, da tabarau mai igiya, jakarta a kan cinya ta dafe ta da hannu biyu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kalle ni ta saman tabarau tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, irin kallon da ake yi wa ɗalibar da ta makara.

"Tashi ki zauna, 'yata. Ya gida? Kin yi karatu?"

"Na yi difloma, Anti."

"Madalla. Yanzu me ake taɓawa?"

Na buɗe baki, Direba ya riga ni.

"Kasuwanci take yi, Yaya. Ta waya."

"To, ba laifi. Irin su mayafai da takalma?"

"Eh, kusan haka," in ji shi.

Kusan haka. Na tura hannuwana ƙarƙashin mayafi na yi murmushi. Ni, Auta, da bakina da komai, na yi murmushi na sunkuyar da kai. Wannan shi ne babban kuskuren.

Can Yaya ta ɗaga hanci. "Wai warin me nake ji ne haka? Kamar fenti."

"Maƙwabta ne," Umma ta yi caraf. "Tun safe suke damun mu."

Daga tsakar gida na jiyo tarin Baba, dogo, irin wanda yake yi idan magana ta tsaya masa a maƙogwaro.

Sun yi kusan awa guda. Da muka fito rakiya ne idona ya kai rumfa. Tsohon labulen falonmu, ja, mai kauri mai gashi-gashi, an shimfiɗa shi a kan bencin tun daga wannan ƙarshe har wancan. Kuma don kada iska ta ɗaga, Umma ta ja shi ya miƙe sosai ta danne kowace kusurwa da dutse. Yaya ta wuce ta gefen wilin motarta, mayafinta har yana shafar labulen, tana ce wa Umma gidan akwai tsafta. Ban san yadda na yi sallama da su ba.

Ƙofa na rufuwa na kwasa da gudu da rigar kwalliyar. Na kama gefen labulen na ɗaga a hankali. Ya ƙi. Na ƙara ja, ya fara sakin wani sauti kamar ana ɓare salatif. Duk fuskar wili huɗun nan ta kwashe saƙar labule, layi-layi, jan gashi ya nutse a cikin kiliya ya zauna daram. Aikin kwana huɗu.

Ban yi ihu ba. Zama na yi a ƙasa da rigata ruwan zuma, hawaye na zuba.

"Umma, na ce miki ɗanye ne."

"Cewa kika yi kada ƙuda ya sauka," ta ce. "To da me ake hana ƙuda sauka in ba rufewa ba? Na ga suna ƙyalli, na ɗauka sun sha iska."

Gaskiyarta ta wani gefen. Shekara talatin da ɗoriya tana auren mai fenti, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka garejinsa ba, ita dai ta san wankin kayansa. Abin da ta saba yi wa kwanon abinci shi ta yi wa wilina. Sai dai ni da ita mun san ba ƙuda kaɗai ta rufe wa ba.

Na kai hannu zan fara tsince gashin, Baba ya ce, "Kul. Cire hannunki." Ya taso da kyar ya dafa ginshiƙin rumfa ya leƙa. "Idan kika taɓa shi yanzu zai naɗe miki kamar ƙaro. Ki bar shi ya yi tauri, gobe da la'asar ki goge. Bai kai ƙarfe ba, kiliya ce da azurfa. Za ki iya."

Bayan magariba na kira Direba na faɗa masa.

"Kai! Auta, Yaya ta ce Lahadi take son motarta. Ba za ki ɗan goge da man sheƙi ba? Wa zai durƙusa yana leƙen wili? Ba za ta lura ba."

"Ni na lura. Ba zai fita daga gidan nan a haka ba."

"To ko in zo in kai wani gareji su..."

"Ka taɓa su ka gani. Lahadi da azahar ka zo ka ɗauka." Na ja numfashi. "Direba, mayafai da takalma?"

Ta cikin wayar ina jin ƙarar fankar ɗakinsa.

"Ki fahimce ni. Yaya ta sha wahala a kaina. Akwai irin matar da ta daɗe tana hango min. Ki bari ta saba da ke tukuna, a hankali zan faɗa mata. Kuma ai bayan biki dama..."

"Dama me?"

"Za mu yi magana."

Na kashe wayar. Haushinsa na ji, amma wanda nake ji na kaina ya ninka shi. Shi ya yi ƙaryar, ni na ɓoye hannu. Kafin in kwanta na yi wa kaina alkawari biyu: wilin nan zai fita ya fi na farko kyau, kuma ba zan sake zama a kan hannuna a gaban kowa ba, ko wace ce.

Juma'a da safe na fito zan share rumfa, sai na tarar da Umma a tsugune gaban benci, da tabaraun karatunta da allurar ɗinki, tana tsintar jan gashin nan ɗaya bayan ɗaya tana gogewa a gefen zaninta. Ta yi wa wili ɗaya ƙananan huji sun fi ɗari. Da wata rana ce da na yi faɗa. Na tsuguna kusa da ita na zare allurar daga hannunta.

"Umma, ba ya fita a haka. Gogewa za a yi duka."

Ba ta kalle ni ba. "Ke kina ganin kunyarki nake ji ko?"

Na soke allurar a wuyan rigata.

"Saurari can." Ta nuna ɗakin Baba da haɓa. Tarinsa na fitowa ta taga. "Shekara talatin ina wanke riga mai warin nan. Na san ranar da tarin ya fara. Yanzu kullum in na ji kin tayar da injin nan, ƙirjina ne ke amsawa. Na ce ga yaro mai hankali, mai aikin asibiti, ya ɗauke ki daga cikin warin nan in huta. Shi ne laifina?"

Wallahi sai na ji duk faɗan da na tanada ya zube. Na ɗauko takunkumina na ɗora mata a cinya, na buɗe mata gefensa na nuna mata matatar da nake canzawa duk wata.

"Baba da tsumma yake ɗaure hanci, wata rana ma ba ya ɗaurewa. Ni ban taɓa ɗaga bindiga babu wannan ba. Umma, ina son aikin nan. Idan aka kawo min abu ya lalace ya fita daga hannuna yana sheƙi, wani daɗi nake ji da ban san yadda zan faɗa miki ba. Idan ya aure ni a kan mai sayar da mayafi ce, ranar da ya buɗe ido ya ga ni ce fa?"

Ta juya takunkumin a hannunta ta daɗe. Sannan ta ce, "Da wace takardar ake gogewar?"

Da la'asar muka zauna mu biyu, bokitin ruwa a tsakaninmu. Na ba ta samfefa mai laushi na nuna mata yadda ake tsomawa a bi a hankali, ba a dannawa. Ku zo ku ga hannun da ya shekara arba'in yana dirzar gindin tukunya. Kafin in gama ɗaya ta gama ɗaya da rabi, har tana min gori wai ashe abin da nake wa mutane yanga a kai ke nan. Jan ruwa yana gangarowa daga benci, yatsunmu suka yi laushi suka fara tsagewa a tsakanin ƙafafun wilin, inda samfefa ba ta shiga sai an naɗe ta a yatsa. Baba na daga kujera yana ba da umarni kamar mai gidan gareji, Umma na ce masa ya yi mana shiru. Rabon da in ji su suna irin wannan cacar bakin har na manta.

Asabar tun kafin rana ta yi zafi na goge su da tina, na jera sabuwar karta. Umma ta yayyafa wa tsakar gida ruwa don kada ƙura ta tashi, ta kwashe shanya, ta kai Baba ɗaki ta rufe masa taga, sannan ta ja kujera ta zauna nesa da rumfa da mafici a hannu tana gadin ƙuda. Azurfa hawa uku, minti goma a tsakani. Kiliya hawa biyu, na farko siriri, na biyu cikakke, hannuna na tafiya daidai ba tsayawa, don inda ka tsaya nan yake zuba hawaye. Da na saki bindiga na san sun fi na farko. Direba ya turo saƙo shida ranar, duk tambaya ɗaya, sun yi? Na amsa masa da kalma ɗaya: gobe.

Yau da azahar ina cikin rigar aikina, shuɗiya mai ɗigon fenti kala-kala, ina zare karta ina ba tayoyin iska, waya ta yi motsi.

"An samu matsala. Yaya ta zo gidana ba sanarwa, ta ga motar a kan bulo. Na faɗa mata na goga."

"Na ce mata Babanki ne ya gyara, tunda tsohon mai fenti ne. Ta ce sai ta zo ta yi masa godiya da kanta. Muna hanya."

"Ki sa rigar nan ta ranar. Don Allah, Auta. Yau kawai."

Na miƙa wa Umma wayar da kaina. Ta karanta, ta kalli ƙofar ɗakina, ta kalle ni. Na ga bakinta ya motsa. Sai ta miƙo min wayar ta ce, "Bari in ɗora ruwan shayi," ta shige kicin.

Ni na buɗe musu ƙofa. Direba ya gan ni a rigar aiki, takunkumi na rataye a wuyana, fuskarsa ta yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Yaya ta ɗan tsaya, ta amsa gaisuwata, ta wuce kai tsaye rumfa. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta bi bakin wili da yatsa tana neman inda aka cike. Ta zagaya na biyu. Ta dawo na farko.

"Wanne ne ma ya goge a ciki?"

Ta juya wajen Baba ta ɗan rusuna.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ko ranar da na saye ta ba su kai haka ba. Allah ya ƙara lafiya."

Baba bai ce amin ba. Ni ya kalla.

Na ce, "Direba, faɗa mata."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Ai na faɗa mata."

"Faɗa mata wanda ya yi."

Ga wilin a gabansa, ga ni a tsaye da rigar da ya fara ganina a ciki, ga Umma a ƙofar kicin da tire a hannu. Kalma ɗaya nake jira. Ya kalli yayarsa, ya kalli ƙasa.

"Baba ne," ya ce. "Ita tana ɗan taya shi."

Na ji abin har cikin haƙorina. Amma muryata ba ta yi rawa ba, ni kaina na yi mamaki.

"Anti, Baba shekara huɗu rabonsa da riƙe bindigar feshi, ko warin ba ya iya shaƙa. Ni na yi. Sau biyu ma na yi, don na farkon ya lalace ranar da kika zo, muna ɓoye miki shi. Ba na sayar da mayafi. Wannan ce sana'ata, kuma ba ni da niyyar bari, ko kafin aure ko bayansa. Ranar Alhamis na yi shiru a gabanki, ki yafe min wannan."

Yaya ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. Ta daɗe tana kallona, ban iya karanta komai a fuskarta ba. Sannan ta juya ga ƙaninta.

"Sau biyu ke nan kana zaunar da ni a gidan mutane kana min ƙarya."

Ta yi wa Baba da Umma sallama cikin ladabi, ta ce a yi haƙuri ba za ta iya shan shayin ba, ta fita ta shiga gaban motar kayan ta rufe.

Ni na gangara da wilin ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙofa, na shimfiɗa kwali a bayan motar, ni da Direba muka ɗora. Na ce masa ya ɗaure noti a gicciye, kada ya wanke su da sabulu sai bayan mako biyu. Ya biyo ni har cikin soro.

"Kin tona min asiri, Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa ya yi ja. "Da kin bari na lallaɓa ta. Wallahi don ina son ki ne. Tsoro nake kada ta ce a'a."

"Na sani. Ni ma ina son ka, shi ya sa abin ya yi min ciwo. Amma a tsakar gidan nan ka ce Baba ne, a gaban mutum huɗu. Idan kana so na, a nan za ka dawo ka gyara, a gaban mutum huɗun, da bakinka. Ka ce ga aikin matar da kake so ka aura, kuma ba za ta bari ba. Ban da saƙo, ban da kira."

"In ta ƙi dawowa fa?"

"Sai ka san abin da ka zaɓa."

A waje Yaya ta danna hon, dogo. Ya kalli titi, ya kalle ni. Ta sake dannawa. Ya fita.

Na tura ƙofar ta rufu. Hannuna ya kai kan sakata, ya tsaya a nan. Na ji tashin motar, na ji ta har ta sha kwana.

Yanzu la'asar ta wuce. Ina zaune a kan bencin da babu komai a kansa, ina rubuta muku da yatsa ɗaya. Kiransa ya shigo sau tara ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba, ko da zuciyata za ta fashe. Ɗazu Umma ta wuce ta soro za ta zubar da shara, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Auta, ƙofar nan a buɗe take fa. In sa sakata?"

Na ce mata ta bar ta haka tukuna.